Bayan kotu ta yanke nasaba: abin da doka ta tanada kan zumunci tsakanin ɗan tabanni da danginsa na jini

A shekarar 2010 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta zauna a kan wata ƙara wadda duk abin da ake jayayya a kansa hoto ne. Hukuma ta raba wata ƙaramar yarinya da mahaifanta, aka miƙa ta ga wasu ma'aurata suka mayar da ita 'yarsu a doka. Mahaifan suka roƙi a riƙa ba su hotonta sau ɗaya a shekara su ajiye a gida. Sababbin iyayen suka ce sun yarda a nuna musu hoton a ofishin ƙaramar hukuma, amma ba su yarda su tafi da shi ba, don gudun kada ya shiga intanet a gano inda yarinyar take. Alƙalin farko ya ba mahaifan gaskiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncinsa, ta ce tunda tsoron sababbin iyayen yana da tushe, ba a tilasta musu abin da ba su so.

Wannan ƙara, wadda ƙaramar hukumar Oxfordshire ta ɗaukaka, ta nuna inda dokar Ingila take tsaye shekara da shekaru: alƙali yana da ikon ya umarci a ci gaba da zumunci bayan tabanni, amma da wuya ya taɓa wannan iko idan sababbin iyaye ba su amince ba. A 'yan shekarun nan manyan alƙalan ƙasar da kansu sun fara cewa tsarin ya tsufa.

Riƙo dabam, tabanni dabam

A ƙasar Hausa kowa ya san ɗan riƙo. Akwai yaron da aka kai yaye ɗakin kaka ya zarce a can, akwai 'yar da gwaggo ta ɗauka tun tana ƙarama har ta aurar da ita. Irin wannan yaro ya san uwarsa da ubansa, yana zuwa gida da salla, sunan mahaifinsa yake amsawa, kuma gadonsa yana nan a gidan ubansa. Tabanni, kamar yadda malamai ke kiransa, shi ne mayar da ɗan wani ya zama ɗanka ta fuskar nasaba. Shi ne Musulunci ya soke a Suratul Ahzab, bayan an daɗe ana jingina Zaidu bin Harisa ga Manzon Allah (SAW), aka umarta a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunayen ubanninsu. Abin da Musulunci ya bari, ya kuma kwaɗaitar a kai, shi ne kafala, wato ɗaukar nauyin yaro ba tare da sauya asalinsa ba. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ambaci kafala da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida.

Dokar da ke aiki a Ingila da Wales ita ce Dokar Tabanni da Yara ta 2002, wadda ta fara aiki gaba ɗaya ranar 30 ga Disamba, 2005. Sashe na 67 ya ce daga ranar da kotu ta ba da umarnin tabanni, za a ɗauki yaron a doka tamkar sababbin iyayen ne suka haife shi. Sashe na 46 ya share duk wani iko da mahaifa ke da shi a kansa. Ana ba shi sabuwar takarda a madadin ta haihuwa, galibi da sabon sunan dangi. Ba ya gadon mahaifansa sai idan sun yi masa wasiyya. Wansa da suka fito ciki ɗaya, a idon doka, baƙo ne a gare shi. Abu guda da dokar ba ta iya sharewa ba shi ne haramcin aure: har yanzu ba zai auri 'yar'uwarsa ta jini ba, ko da takarda ta ce ba su haɗa komai ba.

Umarnin kuma kusan ba ya warwaruwa. A 2009 wasu ma'aurata daga Norfolk sun koma kotu bayan an yi tabannin 'ya'yansu uku saboda zargin cewa sun karya wa ɗaya ƙashi. Daga baya wasu likitoci suka ce mai yiwuwa ciwon ƙarancin sinadaran abinci ne ya jawo karayar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda cewa akwai yiwuwar an zalunce su, amma ta ce bakin alƙalami ya bushe, yaran sun riga sun zauna a sababbin gidajensu. Duk wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa ake tada jijiyar wuya a kan wasiƙa ɗaya ko ziyara ɗaya a shekara, sai ya fara daga nan. Ga mahaifa, zumuncin shi ne kaɗai abin da ya rage.

Zamanin rufa-rufa

Ingila ta yi dokar tabanni ta farko a 1926. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya koma na sirri tsantsa. Mafi yawan jariran na 'yan mata ne da suka haihu ba aure, kuma ana ganin rufin asirin kowa shi ne a raba uwa da ɗa tun yana 'yan makonni, kada su sake jin ɗuriyar juna. A 1968 adadin tabanni ya kai ƙololuwa, kusan 25,000 a shekara ɗaya a Ingila da Wales. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisar dokokin Birtaniya kan haƙƙin ɗan'adam, a rahotonsa na Yulin 2022, ya ƙiyasta cewa jarirai kimanin 185,000 aka karɓe daga hannun iyaye mata marasa aure tsakanin 1949 da 1976, da yawa ta hanyar matsi da kunyatarwa. Ostireliya, wadda ta yi irin wannan aiki, ta nemi gafara a hukumance ta bakin Firaminista Julia Gillard a Maris ɗin 2013. Scotland ta bi sahu bayan shekara 10 ta bakin Nicola Sturgeon.

Yau lamarin ya sauya kama. Yaran da ake tabanninsu daga hannun hukuma a Ingila ba su wuce kimanin 3,000 a shekara ba, daga cikin sama da 80,000 da ke ƙarƙashin kulawar ƙananan hukumomi. Mafi yawansu kotu ce ta raba su da gida saboda sakaci ko cin zarafi ko shaye-shayen iyaye ko rikicin cikin gida, sau da yawa ba da yardar mahaifan ba. Matsakaicin shekarunsu lokacin tabanni kusan 3 ne. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya san muryar uwarsa, ya san kakarsa, yana da yayye da wataƙila an kai su wani gida. Dokar da aka gina don jaririn da bai san kowa ba, ita ce aka ɗora wa yaron da ke tuna sunayen mutane.

Abin da sassan doka suka ce

Mataki biyu ne. Na farko shi ne tsakanin ranar da kotu ta ba hukuma izinin nema wa yaro sababbin iyaye da ranar da aka kammala tabanni. A wannan tsakani sashe na 26 ke aiki, kuma kotu na iya ba da umarnin ziyara ko da ba wanda ya nema. Umarnin yana mutuwa ranar da aka yi tabanni.

Kafin alƙali ya sa hannu a tabannin, sashe na 46 ya wajabta masa ya duba ko ya kamata a tsara wata hanyar zumunci, ya kuma saurari ɓangarorin. A lura, dubawa aka wajabta masa. Idan ya duba ya ce babu, ya sauke nauyi. Sashe na 1 kuma ya ce maslahar yaro tsawon rayuwarsa ita ce kan gaba, kuma dole a auna yadda fitarsa daga danginsa na asali za ta shafe shi har girma.

Mataki na biyu shi ne bayan tabanni, kuma sashe na 51A ne ke tafiyar da shi. An cusa shi cikin dokar ta hanyar Dokar Yara da Iyali ta 2014. Ya ba kotu iko, ranar tabanni ko kowane lokaci bayansa, ta umarci sababbin iyaye su bar yaro ya ziyarci wani mutum, ko ya kwana wurinsa, ko su yi hulɗa ta wata hanya. Ya kuma ba ta iko ta haramta wa wani mutum kusantar yaron. Waɗanda za a iya sanya sunansu a umarnin sun haɗa da duk wanda da ba don tabannin ba da ɗan'uwan yaron ne ta jini ko ta aure, da tsohon waliyyinsa, da duk wanda yaron ya zauna tare da shi aƙalla shekara ɗaya. Umarnin yana aiki har yaro ya cika shekara 18, sai fa idan an soke shi.

Tarkon yana cikin wanda ke da damar shigar da ƙara. Sababbin iyaye da yaron kansa suna iya zuwa kotu kai tsaye. Uwar da ta haife shi sai ta fara neman izinin kotu kafin a ma saurari buƙatarta, haka kaka, haka wa ko ya. Wajen ba da izinin, alƙali zai duba ko ƙarar kanta za ta girgiza rayuwar yaron har ta cutar da shi, da irin alaƙar mai nema da yaron, da abin da yaron ko sababbin iyayen suka ce. Akwai wani bambanci da ke tona inda zuciyar masu dokar ta karkata: kotu na iya haramta zumunci don raɗin kanta ba tare da kowa ya roƙa ba, amma ba za ta iya umartar a yi zumunci ba sai wani ya nema. Ga kuma batun kuɗi. Lauyan kyauta da iyaye ke samu kai tsaye lokacin da hukuma ke neman karɓe musu yaro ba ya bin su haka nan zuwa wannan mataki, alhali yawancinsu talakawa ne.

Yadda alƙalai suka karanta dokar

Tun 1988 kotun ƙoli ta wancan zamani, wadda ke zama a cikin majalisar dattijan Birtaniya, ta aza tubalin. Wata yarinya ce 'yar shekara 13 da ta shaƙu da wanta. Kotun ta amince a yi tabanninta da sharaɗin ci gaba da ganin wan nata, domin masu riƙon sun yarda. Amma ta ja kunne cewa in ba a wani yanayi na musamman ƙwarai ba, kada a ɗora wa sababbin iyaye sharaɗin da ba su karɓa ba. A 2005 Mai Shari'a Wall ya maimaita wannan matsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya ce abu ne da ba a saba yi ba sam. Shari'ar hoton ta 2010 ta bi wannan layi.

Da sashe na 51A ya zo, wasu lauyoyi sun ɗauka majalisa ta buɗe ƙofa. An gwada a shari'ar da ake kira Re B, wadda aka yanke a Janairun 2019. Mahaifan jaririyar duka biyu suna da tawayar fahimta, ba wanda ya zarge su da mugunta, sun dai kasa kula da ita ne. Suka nemi a bar su su riƙa ganinta bayan tabanni. Sababbin iyayen suka ce ba yanzu ba. Shugaban sashen shari'ar iyali, Mai Shari'a Andrew McFarlane, ya yanke cewa sabon sashen bai sauya tsohuwar ƙa'ida ba, kuma abin da ya ƙara a fili shi ne ikon haramtawa. Abin lura shi ne McFarlane ɗin nan yana cikin masu kira da a faɗaɗa zumunci a jawabansa na wajen kotu. Da ya hau kujera sai ya ce sauyin ya zo ta hanyar aikin jami'an walwala da fahimtar sababbin iyaye, kotu ba za ta tilasta ba.

Hujjar alƙalan tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Idan doka ta ce waɗannan su ne iyayen yaro, sai a bar su su yanke abin da iyaye ke yankewa. Umarnin da aka ƙaƙaba wa gida ba da son ransa ba yana da wuyar aiwatarwa, domin ba alƙalin da zai so ya hukunta mutanen da yaron ke kwana a hannunsu. Akwai kuma mahaifan da suka azabtar da yaro, waɗanda ganinsu kaɗai zai iya dawo masa da firgici. Sannan ana tsoron cewa sharuɗɗa da yawa za su kori masu sha'awar tabanni, waɗanda dama ba su isa ba.

Sai dai sakamakon shi ne an bar haƙƙin yaro a hannun kirkin mutum biyu. Idan sun yi alkawari ranar kotu, daga baya suka sauya ra'ayi, abin da dangi ke da shi kaɗan ne. Wata shari'a ta 1995 ta ɗan rage kaifin wannan: sababbin iyaye sun yi alkawarin aika rahoton shekara-shekara ga yayar yaran, suka daina ba tare da bayani ba, kotu ta ce wanda ya janye alkawari irin wannan dole ya faɗi dalilinsa. Bayanin dalili dai ba ziyara ba ce.

Akwatin wasiƙa da wayar hannu

Abin da aka saba tsarawa ga mafi yawan yara shi ne abin da ake kira akwatin wasiƙa. Sau ɗaya ko biyu a shekara sababbin iyaye za su rubuta yadda yaro yake, mahaifa su mayar da amsa. Wasiƙun suna bi ta ofishin hukuma, a karanta su, a cire adireshi da sunan makaranta da duk abin da zai nuna wuri. Ana gargaɗin uwa a kan kalaman da za su tada hankalin yaro, har ma a wasu wurare a shawarce ta ta sa hannu da sunanta na yanka maimakon "mama". Yarjejeniyar ba umarnin kotu ba ce, don haka ba a kai ƙarar wanda ya karya ta.

Farfesa Elsbeth Neil ta Jami'ar East Anglia ta fara bin sawun wasu yara da aka yi tabanninsu tun 1996, ta bi su har suka zama samari da 'yan mata. Bincikenta ya nuna cewa musayar wasiƙa, wadda ake ɗauka ita ce mai sauƙi, ita ce ke yawan mutuwa a hanya. Matar da ba ta yi karatu mai zurfi ba, ga baƙin cikin rabuwa, ga sauyin gida, an ce ta zauna ta rubuta wa ɗan da ba ta gani ba wasiƙar da baƙo zai tace. Da yawa sukan yi shiru, yaro kuma ya fassara shirun da cewa an manta da shi. Ganawa ido da ido, inda aka shirya ta da kyau kuma manyan suka girmama matsayin juna, ta fi taimaka wa yara su san asalinsu, kuma ba ta rage shaƙuwarsu da sababbin iyaye ba. Binciken bai ce ganawa ta dace da kowane yaro ba.

Yayin da hukuma ke tace wasiƙu, wayar hannu ta riga ta tsallake katangar. Yaro ɗan shekara 13 da ya san sunan mahaifiyarsa zai iya samo ta a Facebook ko Instagram cikin dare ɗaya, a ɗakinsa, ba jami'i, ba sababbin iyaye. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke sayarwa ta intanet ya ƙarasa abin da ya rage na sirri. Haɗuwa mafi haɗari ita ce wadda ba babban da ya san da ita, kuma tsarin da ya hana ƙaramar ziyara mai sa ido shi ne ke tura yara can.

A Nuwamban 2024 wani kwamitin alƙalai da lauyoyi da jami'an walwala, ƙarƙashin Mai Shari'a Judd, ya fitar da rahoto yana neman sauyi na gaske: a daina ɗaukar akwatin wasiƙa a matsayin abin da kowane yaro zai samu, a riƙa tsara ganawa kai tsaye duk inda babu haɗari, a kuma tallafa wa ɓangarorin biyu. A wannan shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'ar 'yan'uwa huɗu, ta amince a nema wa ƙananan biyu sababbin iyaye tare da umarnin sashe na 26 cewa su ci gaba da ganin yayyensu, don duk wanda zai karɓe su ya san da sharaɗin tun farko. Rahoton shawara ce. Sashe na 51A yana nan yadda yake, hukuncin 2019 ma ba a rushe shi ba.

Ranar da yaro ya cika 18

Dokar Yara ta 1975 ce ta fara ba ɗan tabanni a Ingila da Wales damar karɓar ainihin takardar haihuwarsa idan ya cika shekara 18. Scotland ta ba da wannan dama tun 1930. Saboda an yi wa matan da suka ba da 'ya'yansu kafin lokacin alkawarin sirri na har abada, waɗanda aka yi tabanninsu kafin 12 ga Nuwamba, 1975 sai sun zauna da mai ba da shawara kafin a miƙa musu bayanan. A 1991 aka buɗe rajistar neman juna mai ɓangare biyu, ɗaya na 'ya'yan tabanni, ɗaya na dangin jini. Kowa na iya rubuta cewa yana son a haɗa shi da ɗayan, ko kuma ba ya so. Dangi na iya neman wata hukuma ta shiga tsakani, amma ba za a ba su bayanin da zai kai su ga mutum ba sai da yardarsa. A nan ragamar tana hannun ɗan, kuma da wuya a yi jayayya da dacewar hakan.

Amurka da Norway

A Amurka kowace jiha da dokarta. Fiye da rabin jihohin suna da dokar da ta amince da rubutacciyar yarjejeniyar zumunci bayan tabanni, wadda idan alƙali ya sa mata hannu ana iya tilasta aiwatar da ita. Wasu jihohi sun taƙaita ta ga yaran da suka fito daga hannun hukuma, wasu suna neman yardar yaro idan ya kai 12 ko 14. Kusan dukkansu sun haɗu a kan abu ɗaya: karya yarjejeniyar ba ya rushe tabanni. A sauran jihohin alkawarin baki ne, kuma matar da ta sa hannu ta ba da jaririnta don an ce za ta riƙa ganinsa ba ta da inda za ta kai kuka. Kansas da Alaska ba su taɓa rufe wa 'ya'yan tabanni takardun haihuwarsu ba. New York sai a Janairun 2020 ta buɗe nata.

Shari'ar da ta fi shafar Musulmi mazauna Turai ta fito ne daga Norway. Wata matashiya 'yar gudun hijira daga Somaliya ta shiga ƙasar da jaririnta a 2010, hukuma ta karɓe shi, aka ba wani gidan Kiristoci riƙonsa, aka taƙaita ganinsu zuwa 'yan lokuta a shekara, daga baya aka amince su yi tabanninsa. Uwar ba ta nemi a dawo mata da shi ba. Ta nemi ya ci gaba da zama ɗan riƙo don kada a yanke shi daga addininsa da asalinsa. A Disamban 2021 babban zauren Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ya yanke cewa Norway ta keta haƙƙinta na rayuwar iyali ƙarƙashin sashe na 8. Hukuncin bai rushe tabannin ba. Iyalan Najeriya da ke Ingila suna da dalilin kula da wannan fanni, domin dokar 2014 ta cire, a Ingila, sashen da ke wajabta wa hukuma ta ba addini da ƙabila da harshen yaro kulawa ta musamman wajen zaɓa masa sababbin iyaye.

Najeriya: an kwafi yankewar, an bar sauran

Tsohuwar Jihar Gabas ce ta fara dokar tabanni a 1965, Legas ta biyo a 1968, Arewa kuwa ta daɗe ba ta da irinta saboda matsayin Musulunci. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ware babi guda ga tabanni, kuma sai jiha ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta. Sashe na 141 ya bi salon Ingila: umarnin tabanni yana share haƙƙi da nauyin mahaifa a kan riƙon yaro da ciyar da shi da karatunsa, har da abin da ya shafi addini da amincewa da aurensa, ya mayar da su ga wanda ya yi tabannin. Dokar ta ba kotu damar sanya sharuɗɗan da ta ga sun dace, ta kuma tanadi rajistar 'ya'yan tabanni. Amma ba ta da wani sashe irin na 51A da ya fayyace wa zai nemi ganin yaro bayan tabanni da yadda zai nema, ba ta kuma kafa rajistar neman juna tsakanin ɗa da danginsa ba.

Wannan giɓi ya fi tsanani a ƙasar da takardun kansu ke da rauni. An sha kai samame gidajen da ake tsare 'yan mata masu ciki a sayar da jariransu a Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma jaririn da ya fita ta wannan hanya ba shi da fayil ɗin da zai buɗe yana ɗan shekara 18. Najeriya ba ta shiga Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan tabanni tsakanin ƙasashe ba. A Maris ɗin 2021 Birtaniya ta sanya ta cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, bisa dalilan da suka haɗa da wahalar tabbatar da asalin yaran, da takardun da ba a iya dogaro da su, da cin hanci, da alamun safarar yara.